Kiɗan Yayana da Ba Ya Farawa

Idan kana sauraron rediyo a ƙasar Kano, ka san sautin nan, ko da ba ka taɓa kula da shi ba. Shi ne wanda ake sakawa can ƙasa-ƙasa idan mai gabatarwa ya sassauta murya zai karanta sanarwar rasuwa ko cigiyar wanda ya ɓata. Babu ganga, babu kalangu, babu muryar kowa. Wani abu ne mai kauri da yake ta tafiya kamar numfashin saniya a kwance, sai can wani siririn sauti ya hau kansa, ya jima, ya sauka. Yayana ne ya yi shi, a ɗakin da muke ajiye buhuna, a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta. Na ji wani direba yana rantsuwa daga Turkiyya aka kawo shi. Wata malamar asibiti kuma ta ce aikin Larabawa ne, wai daga ji ka san ba hannun baƙar fata ba ne. Ban gyara wa kowa ba, don an hana ni, ni kuwa hani ya fi yunwa ci mini rai.

Mu manoma ne tun kaka da kakanni. A wajenmu babu daji. Gona tana jingine da gona, gida yana jingine da gona, in ka yi tari a kunyar geronka maƙwabci zai yi maka sannu daga tasa. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, Yaya ya sayar da ta gayaunarsa ya hau motar Kano, kowa yana zaton babur zai sayo. Sai ga shi da wani dogon abu naɗe cikin zani a kafaɗa. Kafin ya kai ƙofar gida labari ya riga shi shiga: ɗan gidan Malam ya sayo fiyano.

Irin na lantarki ne, wanda 'yan situdiyo suke haɗa waƙa da shi, mai maɓallai da yawa, ka danna wannan ya yi sarewa, ka danna wancan ya yi iska. Baba ya sa aka kwance zanin a tsakar gida, ya zagaya abin hannu a baya kamar mai duba ragon da ba zai saya ba.

"Mu ba mu gaji kiɗa ba," in ji shi. "Ka bi danginmu ta uwa ta uba, ba za ka samu wanda ya taɓa rataya ganga ba."

Wanda bai tashi a irin garinmu ba zai ɗauka tsoron zunubi ne kawai. Akwai wannan, amma ba shi ne babba ba. Kiɗa a wurinmu sana'ar gado ce, kamar ƙira ko fawa. Makaɗi ana son sa a biki, a yi masa liƙi, a yi raha da shi, a cika masa kwano. 'Ya ce dai ba a ba shi. Baba ba mai hayaniya ba ne, kuma ya san gyaɗar ta Yaya ce. Ya ce abin ya zauna a matsayin abin wasa. Amma ba zuwa gidan biki, ba yi wa kowa waƙa, kuma kada a taɓa jin sunan gidan nan a jikin wani kiɗa. Yaya ya ce ya ji.

Ashe ma ba sai an hana shi ba. Fiyanon gwanjo ne, kuma ɓangaren da yake fitar da ganga da kalangu a mace ya zo. Mai sayarwa bai faɗa ba, Yaya kuma bai tambaya ba. Abin da ya rage sai sautuka masu tsawo, irin waɗanda 'yan situdiyo suke shafawa a bayan waƙa kamar man shanu a kan tuwo. Yaya ya samu man shanu babu tuwon. Na yi masa dariya har na gaji. Daga baya wani mai gyaran rediyo ya ce zai iya tayar da gangar, Yaya ya ce a bar ta ta huta.

Ni lokacin na gama sakandare, sakamako ya fito, babu wanda ya tambaye ni me zan yi da shi. Inna ta ɗauki adashinta ta sayi injin markaɗe, aka kafa shi a jikin bangon ɗakin buhuna, aka ce ni ce direba. Yaya kuma a cikin ɗakin ya ajiye fiyanonsa, da tsohon batirin mota da yake caji da sola. Da waya yake ɗaukar sautin, ya jingina ta da buhun dawa kusa da sifika. Lokacin da yake da sarari shi ne tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da maza suka watse gindin bishiyoyi. Lokacin ne kuma duk matar da ke garin take tuna tana da wake ko kayan miya.

Yakan leƙo ta taga.

"Ke, ɗan kashe injin nan mana."

"Kai ka kashe fiyanonka."

"Ɗauka nake yi."

"To ni zaman banza nake yi? Ga robobin mutane a jere."

"Minti kaɗan."

"Ka je ka faɗa wa mai ƙosai minti kaɗan, in ta bar ka da kunne ka dawo."

Ya kai ƙara wurin Inna. Inna ta ce ita dai ta san abin da injin yake kawowa gidan, fiyano kuwa tana jira ta gani. Daga nan ya daina roƙo. Na ɗauka ya haƙura ne, sai wata rana na kashe injin zan zuba mai, ya fito a fusace.

"Wa ya ce ki kashe?"

Ashe tun da ya kasa korar ƙarar, sai ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ya samu wanda muryarsa ta zo ɗaya da gurnanin injin idan ya ratso bangon ƙasa. Ya fere guntun kara ya cusa a gefen maɓallin don ya zauna a danne, ya riƙa ɗora sauran sautukan a kai. Har ya fara yi mini fi'ili, wai in riƙa fara markaɗa wake, muryarsa ta fi ta tattasai tsayawa. Na ce wanda ya riga kawowa shi ne a gaba, ko a asibiti haka ake yi.

Haka ya shafe ranin nan. A garin da ba a iya ɓoye ko tsakin miji, babu wanda ya ji abin da yake yi, don injina ya rufe komai. Da ya gama, ya ce ya haɗa albam. Ya ba ni abin kunne ya tsaya yana kallon fuskata. Na saurari kaɗan na cire.

"Yaya, wannan ko a gidan makoki ka saka sai an kore ka."

Allah ya kama bakina, amma a lokacin ban sani ba.

Ranar kasuwar Ɗanbatta ya kai wa wani abokinsa mai shagon caji, wanda yake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Abokin ya saurara iya abin da zumunci ya wajabta, ya ce, "Wa aka yi wa?" Yaya ya ce ba kowa. Ya ce, "To wa ya rera?" Ya ce babu rerawa. Ya ce, "Malam, ka kawo mini miya ba gishiri, ba kuka, ba ruwa." Amma bai so ya kunyata shi ba, sai ya karɓa. Ya tambayi sunan da za a saka, Yaya ya tuna da Baba ya ce a bar shi haka.

Kowa ya san gyara: ka sayi tumatir, mai kaya ya ƙara maka biyu a kai don ka dawo. Abin da mutumin nan ya yi da albam ɗin ke nan. Duk wanda ya kawo memori, in an zuba masa abin da ya nema ya rage wuri, sai ya cike da na Yaya. Haka aikin rani guda ya bazu a matsayin gyara, daga waya zuwa waya, har garuruwan da mu ba mu taɓa zuwa ba.

Masu yanka wa'azi gajeru-gajeru suna turawa a waya su ne suka fara gane amfaninsa. Suna son abin da zai sa zuciya ta karye, amma in suka saka mai ganga malamai za su ci mutuncinsu. Ga wannan, babu abin kamawa a jikinsa. Sai masu haɗa hoton mamaci da addu'a suka ɗauka. Daga nan gidajen rediyo. Ba a jima ba yaran situdiyo a Kano suka fara yin irinsa, suna sayarwa masu fim don wurin da uwar jaruma za ta mutu. Na saurari wasu. Sun samu siririn na sama, amma gurnanin ƙasa ya gagare su. An ce har gardama suke yi a kan wace na'ura ce take fitar da shi. Na'urar tana nan bayan ɗakinmu, bel ɗinta ma ya kusa tsinkewa.

Wata safiya muna shan koko, rediyon Baba tana kan tabarma, aka zo sanarwar rasuwa. Baba ya ajiye ludayi ya ce, "Kai, wannan sautin yana sa mutum ya tuna kabari. Ka ga masu ilimin abu ke nan." Ya dubi Yaya. "Ba irin naka na ɓata batir ba." Yaya ya ce haka ne, ya ci gaba da shan kokonsa. Ni ce koko ya sarƙe, har Inna ta buga mini baya.

A daminar da ta biyo baya Yaya ya ga yarinya. A wani gari take a hanyar Zakirai, gidan malamai, tana koyarwa a Islamiyya. Mutumin da sai an yi masa magana uku kafin ya amsa ɗaya, sai ga shi yana guga da gawayi, yana aron babur, yana tambayata ko hular ta zauna. Na taɓa raka shi sau ɗaya. Ban ga abin da ta gani a jikinsa ba, amma na ga ta gani. Ta san da fiyanon, ta kuma gaya masa gaskiya: mahaifinta ya rasu, baffanta ne waliyyi, kuma baffan ya taɓa mayar da kayan wani saurayi saboda an gano kakansa yana buga kalangu a mahauta.

Manya suka shiga magana, gidan su yarinyar suka fara bincike kamar yadda aka saba. Duk wanda aka tambaya a garinmu ya ce yaron kirki ne, manomi, ba ya shaye-shaye, ba ya wuce jam'i. Sai a ƙarshe a rage murya a ce, sai dai fa yana da fiyano.

A tsakiyar wannan ne mai shagon caji ya kira. Wani mai shiri a gidan rediyo ya bi sawun sautin daga shago zuwa shago har ya iso gare shi. Yana son wanda ya yi shi ya zo Kano a yi hira da shi, a faɗi sunansa da garinsu, a san mai abu. Yaya ya riƙa yawo da wayar a hannu kamar an ba shi ajiyar ƙwai.

Na ce, "Ka je mana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yara suna can suna cin abinci da aikinka."

"In na je, sunan wa zan faɗa? Sunana haɗe yake da na Baba."

"To sai me?"

"Baffanta rediyo ba ta barin kunnensa."

"Sai ka zaɓa."

"Ke komai a wurinki kamar markaɗe ne, a zuba ta sama ya fito ta ƙasa."

Bai ce wa mai shirin e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai kira.

Kafin ya kira, Baffa ya zo da kansa. Da hantsi aka sauke shi a babur, dattijo siriri mai farin gemu da carbi a wuyan hannu. Inna ta ce in kashe injin, in kai fura zaure. Na kai, na fito, na tsaya a bayan asabari, don ba a ce in tafi ba. Bayan an gaisa, an tambayi gona da iyali da ruwan bana, Baffa ya gyara zama.

"Malam, ba zan yi maka kwana-kwana ba. An yabi gidanka. Amma an ce mini yaron makaɗi ne, mu kuwa ba mu taɓa haɗa jini da makaɗa ba. Ba na son in yanke hukunci da ji-ta-ji-ta. A kawo abin, ya kaɗa a gabana."

Yaya ya ɗauko fiyanon da batirin, ya durƙusa ya haɗa wayoyi. Ni a raina ina cewa ya dai bubbuga maɓallan kamar yaro, a yi dariya, a tashi. Kowane mai hankali abin da zai yi ke nan. Sai na ga ya zaro guntun karan nan daga aljihu ya cusa a gefen maɓalli. Na ce shi ke nan, ya kashe aurensa da hannunsa. Ya rufe ido ya fara wanda ya fi so, wanda duk ƙasar nan take binne matattunta da shi.

Baffa ya zauna ya tattara hankalinsa gaba ɗaya. Bai taɓa furar ba. Da aka jima ya karkata wajen Baba ya ce a hankali, "Gyarawa yake yi?" Yana nufin yadda makaɗi yake ɗan tattaɓa kalangu yana jan tsirkiya kafin ya shiga kiɗa sosai.

Na dubi Baba. Ta ramin asabari ina ganin fuskarsa. Tun da siririn sautin ya hau ya gane. Ya dubi Yaya, ya dubi fiyanon, ya koma ya dubi tabarma, ya bar idonsa a can.

Baffa ya ci gaba da jira. Kaza ta shigo zauren ta fita. Wata yarinya ta zo da robar wake, na yi mata alama da hannu ta koma. Abin yana da tsawo, ni ƙafata har ta yi sanyi, amma dattijon nan ko motsi bai yi ba, ya kafa kunne yana jiran inda ganga za ta faɗo. Daga ƙarshe Yaya ya zare karan, sautin ya mutu a hankali.

"Madalla," in ji Baffa. "To bisimilla, fara."

"Na gama, Baffa."

"Ka gama?"

"Na gama."

Baffa ya shafa gemu. Can ya ɗaga yatsa. "Tsaya. Wannan ba ƙarar nan ba ce da rediyo take yi in za a faɗi mutuwa?" Ya yi murmushi irin na wanda ya kama yaro da hannu a tukunya. "Ita kake kwaikwayo. A can ka ji ka koya, ko?"

Wayar Yaya tana aljihun gabansa, da lambar mai shirin a ciki. Na riƙe asabarin har ya kusa tsinkewa, don saura kaɗan ni in amsa masa.

"Haka ne, Baffa," in ji Yaya.

"Ai na sani. Kuma ka yi haƙuri, nasu ya fi naka cika. Akwai wani gurnani a ƙasan nasu da naka ba shi da shi." Wannan kam na karɓa a madadin injina. Baffa ya juya wajen Baba yana dariya. "Malam, mutane ba su da tsoron Allah. Ni na san makaɗa, a kusa da su na tashi. Makaɗi in ya taɓa abu, ƙafarka ce take fara sani kafin kunnenka. Wannan ko akuya ba zai tayar ba. Ɗanka ba makaɗi ba ne. Allah bai ba shi ba, kuma gata ya yi masa."

Baba ya ce alhamdu lillahi. Sai a lokacin Baffa ya ɗauki furar ya sha sosai. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Yaya ya ce ya riƙe noma, kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa. Ya ce a turo manya a sa rana.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba, har yau. Abin da ya canza kawai, ya daina yabon sautin. In an zo sanarwa yakan yi shiru har a gama, in wani ya yi magana ya ɗaga masa hannu. Mai shirin rediyon ya kira ya gaji, daga baya na ji shi da kunnena yana gaya wa masu sauraro cewa bincikensa ya nuna daga ƙasar waje sautin ya shigo.

Amma a ranar, da babur ɗin Baffa ya ɓace a bayan dawa, na sami Yaya a gindin rumbu yana naɗe waya. Ban jira ya ɗago ba.

"Ka ji kunya wallahi. A gabanka aka ce ka saci abinka, ka ce haka ne."

"Na ce."

"An ce ba ka iya ba, kana murmushi."

"To kuka zan yi? An ba ni mata."

"Da ka bubbuga shirme ma ai da an ba ka. Me ya kai ka yin na gasken?"

Ya gama naɗe wayar, ya ɗaure ta, sannan ya dube ni.

"Kin ga yadda ya zauna? Tun daga farko har ƙarshe, bai yi magana da kowa ba sai sau ɗaya, bai duba waya ba, ko fura bai sha ba. Masu rediyo yanka suke yi su yi surutu a kai. Mai shago bai kai rabi ba. Ke kanki cirewa kika yi. Tun da na yi abin nan, shi ne mutum na farko da ya saurare shi duka."

"Jira yake yi a fara."

"Na sani," in ji shi. "Amma ya saurara."

Bayan an yi girbi aka ɗaura auren. Dangin amarya suka ce ba sa son kiɗa a bikin, Baba ya ce dama gidanmu babu mai yi.